Tabon Wuƙar Baba Ɗanmusa

"Zazzage shi nan, ɗiyata, inda hannuna zai kai," in ji Baba Ɗanmusa.

Lauratu ta kwance bakin buhun, ta juye shi a kan tabarma. Ƙananan robobi koraye suka zubo suna ƙara kamar ana zuba gyaɗa a kwano, kowace ba ta wuce tsawon babban yatsa ba. Gwaggo Huseina, matarsa, ta ja ƙafarta gefe tana salati a hankali.

Katanga ɗaya ce ta raba gidan su Lauratu da nasa a Barkiya. Da ƙarar gizagonsa Lauratu ta girma, don masassaƙi ne, mai yin turmi da akushi. Shekara uku da suka wuce, da ciwon baya ya hana Gwaggo sunkuyon shuka, ya sassaƙa mata wani ɗan ƙoƙo mai harshe a ciki, ya kafa shi a bakin gora. A cika gorar da iri, a dangwala ta a rami, gero ya sauko daidai tsunkule ɗaya. Mata suka yi ta aro har ya tsage.

Lauratu, wadda ke koyar da zanen injuna a Dutsin-Ma, ita ta auna tsagaggen ta kai wata masana'antar roba a Kano. Sau biyu ana gyara mazubin ƙarfen da ake zuba robar a ciki. Na farko ya riƙe iri, na biyu ya zubar da shi duka. Kafin na uku ya fito, ciwon ƙirji ya kwantar da tsohon.

Ya laluba ya ɗauki guda, ya daɗe yana murza ta.

"Duk wannan a kwana nawa?"

"Baba, kafin a idar da alwala injin ya zubo goma."

"Goma." Ya juya robar a tafinsa. "Ni kwana tara na yi a kan guda."

Sai babban yatsansa ya tsaya a gefen ƙoƙon. Ya ajiye, ya ɗauki wata, ya shafa wuri guda. Ya ɗauki ta uku.

"Wa ya sa masu wannan tsagar?"

Lauratu ta kai robar bakin ƙofa, wajen haske. Wata 'yar tsaga ce siririya a karkace. Ita ce ta auna ta da hannunta, ta zana ta, a zatonta hanyar iska ce.

"Ba ta da amfani, Baba?"

Dariya ta zo masa, tari ya tare ta. "Wuƙa ce ta suɓuce mani. Huseina ta kira ni cin tuwo, na waiga."

Gwaggo ta ɗauki guda ta shafa, ta sake ɗaukar wata. Lauratu ta dubi tulin robobin. Guda dubu ne a buhun nan, wasu dubu huɗu na Kano suna jiran mota, kuma kowace na ɗauke da waigen da wani tsoho ya yi a ƙofar ɗakinsa.

"A goge ta a mazubin?" ta tambaya.

"Bar ta. Kawo gero mu gani."

Ta kafa robar a gora, ta riƙe masa hannu, suka dangwala a ƙasa. Ƙwayoyi suka sauko. Gwaggo ta ƙirga, bakwai. Suka sake, bakwai.

"Ikon Allah," ya ce, ya koma ya kwanta.

Ana kiran la'asar numfashinsa ya canja. Gwaggo ta matso tana nanata masa kalmar shahada, leɓunansa suna bin ta, har suka daina. Ta shafe masa ido, ta ce wa Lauratu ta je ta faɗa wa maza.

Kafin Lauratu ta tashi, Gwaggo ta buɗe hannunsa na dama, yatsa bayan yatsa, ta zare robar da ya damƙe. Shatinta ya kwanta a tsakiyar tafin, zagaye, a cikin kantar gizago. Suka zauna su biyu suna kallonsa.