Yatsun Mijinyawa

Shekarar da yaƙin basasa ya kankama, soja suka kwashe motocin da ke kai goro Arewa, kasuwa ta mutu a Sabo, unguwar Hausawa a kurmi. Mijinyawa, wanda ya tashi bai san wata sana'a ba sai ɗaurin huhun goro, ya nemi aiki a wani kamfanin fasa dutse a hanyar Akinyele. Aka ba shi injin huda dutse mai aiki da iska, nauyinsa kamar ɗan maraƙi. Su biyu ne a kansa, shi da ƙaninsa Labaran. In wannan ya riƙe, wancan ya huta.

Da damina ta faɗi, Labaran ya shiga soja. Ba a kawo kowa a madadinsa ba, Mijinyawa kuma bai nema ba.

Ɗanmalam, wani dattijo da ya daɗe a aikin, ya sha yi masa magana. "Kai Mijinyawa, kokawa kuke yi da injin nan? Sassauta riƙon. Bar shi ya ci dutse da nauyinsa, kai dai ka nuna masa hanya. Ka riƙa ajiyewa kana murza hannu, ka sa safar hannu. In bakin ƙarfen ya dakushe, ka ce a canza."

"To, Baba," in ji shi. Amma muddin injin yana ruri, ba ya tuna ƙaninsa, ba ya tuna labaran rediyo, shi ya sa ba ya son ajiyewa.

Da farko ya riƙa ji kamar ana tsira masa allura a yatsu. Daga baya, in ya taɓa ruwan alwala mai sanyi, sai su yi fari su sandare. Can kuma suka daina jin komai.

Wata Juma'a matarsa Ashatu ta miƙo masa 'yarsu Raliya. "Malam, taɓa ka ji, kamar jikinta da zafi."

Ya ɗora hannu a goshin yarinyar, ya jira. Ba zafi, ba sanyi. Ya ce, "Ba komai."

Ashatu ta dube shi, ta manna kumatunta a wuyan 'yar, ta goya ta sai asibiti. Zazzaɓi ne mai ƙarfi. Yarinya ta warke, Ashatu kuwa ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Ranar da abin ya faru, ƙarfen ya maƙale a tsagar dutse, injin ya yi tutsu ya matse masa hannun hagu. Ya fizge, ya gyara tsayuwa, ya ci gaba da aiki. Sai da Ɗanmalam ya rugo ya rufe iskar.

"Subhanallahi! Dubi hannunka!"

Ƙaramin yatsan yana reto, jini na bin ƙarfen. Mijinyawa ya tsaya yana kallo kamar hannun wani ne.

Likita ya cire yatsan. Ya ce sauran suna iya farfaɗowa in ya rabu da injin, suna kuma iya zama haka. Helma, shugaban leburori, ya mayar da shi riƙon jar tuta, yana tsayar da mutane kafin a tashi nakiya.

Bayan yaƙi sojoji suka dawo, babu Labaran. Wani ya ce ya gan shi wajen ƙetare kogi, wani ya ce ba shi ba ne. Mijinyawa ya saurari kowa, ya gode. Kullum da safe Ashatu ta ɓalla masa maɓallan riga, ya fita.