Hukuncin Malam Imoru

Malam Imoru yana goge kofin gasar ƙwallo a karo na uku sa'ad da matarsa Azeta ta ajiye masa kwanon koko a kan tabarma.

"Malam, cewa suka yi ka mayar da shi. Ba su ce sai yana ƙyalli ba."

Ya ci gaba da gogewa. Kwana tara ke nan kofin yana gidansu a unguwar Changli, maƙwabta suna shigowa kallo, har tsofaffin da ba su taɓa zuwa filin ƙwallo ba. Ya naɗe shi da tsohon zanenta, ya ɗaure a bayan keke. Azeta ta gyara masa wuyan riga, ta daɗe tana gyarawa.

"Idan sun tambaye ka, ka faɗa musu yadda ka faɗa mini," in ji ta.

Shekara goma sha ɗaya yana koyar da lissafi a kwalejin samari da ke bayan gari, da yamma kuma shi ne mai horar da 'yan ƙwallo. Bai taɓa karya doka ba sai bana, a kan wani ɗalibin aji uku mai suna Wumpini. Saƙo ya zo wa Wumpini daga ƙauye cewa mahaifiyarsa tana kwance. Ya nemi izini ranar Laraba, aka ce ya jira Asabar. Ya haura katanga ya tafi a ƙafa, ya tarar an riga an dawo daga maƙabarta. Da ya komo, shugaban kwalejin, Baturen da ɗalibai ke kira Mai Lofe, ya dakatar da shi wata guda: ba aji, ba fili, sai yankan ciyawa. Dokar gasar kwalejoji kuwa a fili take, ɗalibin da aka dakatar ba ya sa rigar wasa.

Wumpini ya daina ci, ya daina magana. Ana gobe wasan ƙarshe, Malam Imoru ya leƙa ɗakin kwana ya ga yaron ya ɗaure akwatinsa, zai bi motar Kumasi neman aikin gonar koko. Washegari Malam Imoru ya rubuta sunan yaron a na tara cikin takardar 'yan wasa, suka doke kwalejin Yendi suka ɗauki kofi.

A ofishin ilimi mutum uku suke jiransa ƙarƙashin hoton Sarauniya: Baturen ilimi, Mai Lofe, da Alhaji Tahidu, dattijon ƙungiyar ƙwallo ta gari. Malam Imoru ya kwance zanen ya ajiye kofin a kan tebur. Ba wanda ya kalle shi.

"Ka san an dakatar da yaron?" Baturen ilimi ya tambaya.

"Na sani, ranka ya daɗe."

Alhaji Tahidu ya yi gyaran murya, ya juya harshe zuwa Hausa, ya rage murya. "Imoru, ranar wasa akwai hayaniya. Mai yiwuwa yaron ne ya ɗauki riga ya shiga fili, kai ba ka lura ba sai da aka fara. In haka ne, gargaɗi kawai za a ba ka."

"Shi kuma fa, Baba Alhaji?"

"Shi sai kora."

Malam Imoru ya koma Turanci don kowa ya ji. "Ni na ba shi riga. Ya ƙi karɓa, na ce umarni ne. Rubutun da ke takardar nan nawa ne."

"To don me?" in ji Baturen ilimi. "An gaya mini ko ƙwallo ɗaya bai ci ba. Da ka bar shi a waje ma, da kun yi nasara."

"Haka ne. Bai taɓa wasa marar kyau kamar na ranar ba. Amma da aka tashi, ya zauna a tsakiyar fili ya yi kuka, abokansa suka kewaye shi. Tun rasuwar bai yi kuka ba. Ranar ya ci tuwo, kuma ya kwance akwatinsa." Ya dubi kofin. "Ban ce daidai na yi ba. 'Yan Yendi sun bi doka, kofin nasu ne."

Aka ce ya jira a baranda. Ba a yi rabin awa ba aka kira shi. Kofi ya koma Yendi. Shekara uku ba zai horar da kowace ƙungiya ba, ba zai taka filin wasan kwaleji ba. Ya ciro usur daga wuyansa ya ajiye, igiyar ta yi baƙi saboda gumin shekaru.

Wumpini yana tsaye a bakin ƙofar kwaleji da adda a hannu, ciyawa ta manne masa a ƙafa.

"Tica, sun ce mene?"

"Shekara uku."

Yaron ya sunkuyar da kai. "Ni na jawo. Na bar ƙwallo, wallahi na bar."

"Ba ka isa ba. Ƙafarka ta hagu har yanzu kamar itace take, ban gama da ita ba." Ya dafa kafaɗarsa. "Ka ci abinci yau?"

"Na ci, Tica."

"To koma aikinka."

Malam Imoru ya shiga aji ya koyar da lissafi har la'asar. Da aka kaɗa ƙararrawar wasanni, sai ya tarar da kansa tsaye a baranda, bai san inda zai nufa ba. Daga nesa yana jin ƙarar ƙwallo da muryar sabon malamin da aka ba ƙungiyar. Nan Mai Lofe ya same shi.

"Malam Imoru, ba na son malami ya zauna ba aiki da yamma. Daga yau kai ne mai kula da lambun makaranta, daga ƙarfe huɗu zuwa shida, kullum." Ya miƙa masa makulli, ya tsaya yana cusa taba a lofensa. "Da ma na bar yaron ya tafi ranar Laraba," in ji shi, bai ɗago kai ba. Ya juya ya wuce.

Malam Imoru bai san komai game da lambu ba. Ya bi ta bayan ɗakin cin abinci, ya buɗe ƙofar kara, ya shiga tsakanin kunyoyin kuɓewa da gauta. Da ya kai ƙarshen lambun sai ya ga shingen bai wuce ƙugunsa ba, kuma taku biyar ne tsakaninsa da ragar gabas ta filin ƙwallo.

Mai tsaron gida ya waiwayo, ya gan shi, ya buɗe baki zai yi ihu. Malam Imoru ya girgiza masa kai. Ya naɗe hannun riga, ya ɗauki bokiti, ya fara ba kuɓewa ruwa.