Matsa, Yaya

Karo na tara ke nan da muryar Kanari ta tsage a wuri ɗaya. Baitin yana tafiya lafiya lau, ƙasa-ƙasa yadda ta saba, sai an zo layin da waƙar take hawa sama, nan maƙogwaron zai ce atafau. Ta cire abin sauraro daga kunnenta, ta rataye shi a sandar makirufo, ta dubi gilashin da ya raba ɗan ɗakin da take tsaye da ɗakin na'urori.

"Injiniya, a sauke layin nan ƙasa mana. Dole sai na tsinke jijiyar wuya?"

Injiniya ya danna maɓallin magana. "Anti, in aka sauke shi waƙar ta kwanta. Wurin nan ne mutane za su miƙe tsaye."

A bayansa Manaja tana zaune a kujera da wayoyi biyu a cinya. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Mama, gobe da safe gidajen rediyo suke jira. Na riga na ba su baki."

Manaja 'yar ƙanwar Kanari ce. Tana shekara biyu uwarta ta rasu, Kanari ta ɗauke ta ta goya, shi ya sa ba ta san wata Mama ba sai ita. Sunan Manaja kuwa da tsokana ya fara, tun tana sakandare take tsara wa Kanari ranakun wasa a bayan littafin lissafinta. Yanzu sunan ya bi ta, kuma ko Kanari ba ta isa ta sha ruwan sanyi ba in ta hana.

Kowa ya san tarihin Kanari, ko dai ya zaci ya sani. A ƙuruciya muryarta sama take tashi siririya, har aka laƙaba mata sunan tsuntsun. Sai ta ɓace shekara bakwai. Da ta dawo, ta dawo da wata murya mai kauri da nauyi, kiɗa a hankali, kalmomi kaɗan. 'Yan jarida suka ce ta girma, salonta ya nuna. Waƙoƙi uku ta saki a jere bayan ta haura hamsin, duka ukun suka karɓu fiye da na da, har yaran da ba a haifa ba lokacin tashenta na farko suna sa su a waya. In an tambaye ta ina tsohuwar muryar, sai ta shafa wuya ta ce shekaru ne.

Ƙarya take yi, kuma ta san ƙarya take yi. Muryar da take tashi sama a tsofaffin faya-fayan ba tata ba ce, ta Auta ce, ƙanwarta, uwar Manaja. Makirufo ɗaya suke tsayawa, Kanari ta ja baitin, in an zo hawa Auta ta karɓa, kuma muryoyin 'yan ɗaki ɗaya ne, ba mai jin wurin ɗinkin. A dandali Auta tana baya cikin 'yan amshi, Kanari tana gaba tana buɗe baki. Suna ɗaya ne a bangon faifai. Sau ɗaya tak Auta ta ce, "Yaya, a sa nawa sunan mana a wannan," Kanari ta ce a bari sai na gaba. Kafin na gaban zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke Auta. Waɗanda suka san zancen duk sun bi ta, saura Kanari kaɗai. Manaja kuwa ta sha tambaya ko akwai kaset ɗin da aka ɗauki muryar uwarta, ko da gaisuwa ce, Kanari tana ce mata babu, uwarki ba mai son magana ba ce.

"Anti, fito ki ji wani abu," in ji Injiniya.

Ta fito tana jan ƙafa. Ɗakin ba taga, bangon duk soso ne baƙi, na'urar sanyi tana hura iska ba ƙara. Sha biyun rana ce a waje, amma a ciki ba ka sanin lokaci. Injiniya mutum ne mai furfura a gemu, ba ya son a ga yana zumuɗi, amma yau zumuɗin ya ƙi ɓoyuwa.

"Tsofaffin faya-fayanki da Manaja ta kawo mini wancan watan, na wanke su tas, na ware wuraren da kike hawa sama, na ba kwamfuta ta koya. Yanzu in na rubuta mata baiti, za ta rera shi da muryarki ta shekara talatin da suka wuce. Ba sata ba ce, Anti, kayanki ne. Ke ta yau a ƙasa, ke ta jiya a sama."

"Wa ya ce a ba shi faifan?" Kanari ta juya ga Manaja.

"Ni. So nake in ba ki mamaki. Saurara dai, Mama, kafin ki fara faɗa."

Injiniya ya danna. Kiɗan ya taso, muryar Kanari mai kauri ta ja baitin da ta rera ɗazu. Aka zo layin. Wata murya ta karɓa, siririya, ta hau ba wahala, tana rera kalmomin da Kanari ta rubuta makon jiya a teburin kicin.

Nan take Kanari ta gane muryar. Ta lalubi kujera ta zauna. Shekara ashirin da takwas ke nan da ta ga an fita da mai wannan murya, ga shi yau tana rera waƙar da ba ta taɓa ji ba, a ɗakin da ba a gina ba lokacin da take raye.

Manaja ta tafa. "Kai! Mama, ashe haka kike a da? Wallahi har hawaye ya zo mini, ban san dalili ba."

"Kashe," in ji Kanari.

Injiniya ya kashe. Ya sosa gemu. "Matsala ɗaya ce kawai. Akwai wata 'yar ƙara da take zuwa kafin muryar ta shigo. Sau uku ina yanke ta, duk sanda na sake haɗawa sai ta dawo. A cikin kiɗa ba a ji sosai, amma ni kunnena yana kamawa. Bari ki ji, ko kin san mene ne."

Ya cire kiɗan, ya cire muryar Kanari, ya ƙara sauti. Lasifikokin suka yi shuuu na ɗan lokaci. Sai aka ji an ja numfashi, kusa, kamar a bayan kunne. Sannan raɗa, kalma biyu:

"Matsa, Yaya."

Manaja ta ajiye wayoyinta.

"Ina jin a tsofaffin faya-fayan haka yake," Injiniya ya ce, amma muryarsa ta ragu. "Kwamfuta ba ta san komai ba, abin da ta ji take maimaitawa. Ta lura duk sanda wannan muryar za ta shigo, wannan raɗan yana gabanta, sai ta ɗauka cikin waƙar ne. Abin da ban gane ba, Anti, me zai sa ki ce wa kanki ki matsa?"

Kanari ta san amsar kamar yadda ta san sunanta. Ɗakin ɗaukar sauti na wancan zamani ƙarami ne, makirufo ɗaya, ita kuma in ta tsaya ba ta son kaucewa. Sai Auta ta zunguro ta da gwiwar hannu ta raɗa mata hakan, ita ta ja da kafaɗa, Auta ta miƙo wuya. Kiɗa yana rufe raɗan, ba wanda ya taɓa ji. Sau ɗari aka faɗa mata, sau ɗari ta matsa tsawon layi ɗaya ta koma wurinta.

"Tari ne," ta ce. "Goge shi. Ni zan rera layin da kaina."

Ta koma cikin ɗan ɗakin, ta ja ƙofa mai nauyi ta rufe. Ta sa abin sauraro. Ta gilashi tana ganin bakin Manaja yana motsi, tana tambayar Injiniya wani abu, shi kuma yana ɗaga kafaɗa. Kiɗa ya taso. Ta ja baitin. Ta ƙudurta a ranta ko jini zai fito sai ta hau layin nan, a gama, a goge wancan, a tafi gida.

Saura kalma uku a zo wurin, ta ji iska mai ɗumi a kafaɗarta ta hagu. Na'urar sanyi ba ta hura ɗumi. Layin ya zo, ya wuce, ba ta buɗe baki ba.

Kiɗan ya tsaya. "Anti, kin kauce daga makirufo," in ji Injiniya a kunnenta. "Dawo tsakiya."

Ta dubi ƙafafunta. Ta matsa dama taku guda, ta bar fili daidai tsayuwar mutum ɗaya marar jiki. Ba ta san sanda ta yi ba.

"Ka sa mini raɗan nan a kunne ne?"

"Wane raɗa? Na rufe sautin waccan muryar gaba ɗaya. Kiɗa kaɗai kike ji."

Ta yi niyyar komawa tsakiya, ƙafar ta ƙi. Ba wai an riƙe ta ba ne. Kawai dai ta ji ba za ta iya taka wurin ba, kamar yadda mutum ba ya iya zama a kan wanda ya riga shi kujera. Tsoro ya kama ta, na gaske, irin wanda rabonta da shi tun tana yarinya. A ƙarƙashin tsoron kuma akwai kewa, wadda ta fi tsoron ciwo.

Ƙofa ta buɗe. Manaja ce, ta tsaya a bakin ƙofar ba ta shigo ba.

"Mama, ke ce babba a gidanku. Ba ki da yayar da za ki ce wa ta matsa."

"Haka ne."

"To wace ce take ce miki Yaya a cikin faifanki?"

Kanari ta buɗe baki da niyyar cewa wata 'yar amshi ce, ta manta sunanta. Ƙaryar a shirye take, mai sauƙi, kuma yarinyar za ta yarda, don ba ta taɓa ƙaryata ta ba. Sai ta dubi filin da ke gefenta na hagu, ta kasa.

"Mutum ɗaya ce a duniya take ce mini Yaya," ta ce.

Daga nan maganar ta ɓalle. Ta faɗi makirufo ɗaya, ta faɗi dandali da buɗe baki, ta faɗi sunan da aka ce a bari sai na gaba. Ta ce shekara bakwai da ta ɓace ba ciwon wuya ba ne, rasa yadda za ta yi ne. Ta ce salon da ake yabo, na ƙasa-ƙasa, ba hikima ba ce, iyakar abin da take da shi ke nan tun fil'azal. Injiniya ya manta maɓallin magana a buɗe, yana jin komai, ya sunkuyar da kai yana kallon yatsunsa.

Manaja ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi tayar wa Kanari hankali.

"Faifai nawa?"

"Shida."

"Suna cikin kabad ɗin falonmu tun ina 'yar ƙarama. Ni nake goge musu ƙura. Ranar da na gama makaranta na tambaye ki. Ranar ɗaurin aurena na sake tambaya. Kika ce ba mai son magana ba ce."

"Na ji tsoro ne, 'yata. In kika sani, me zan zama a idonki?"

Manaja ta juya ta koma ɗakin na'urori. Ta gilashi Kanari ta ga ta karɓi abin sauraro daga hannun Injiniya, ta nuna masa allon da yatsa. Ta zauna, ta rufe ido, ta dafe kunnuwanta da tafukan hannu biyu. Layin bai fi daƙiƙa goma sha biyar ba. Kanari ta ga ta ɗaga yatsa a sake, ta sake ɗagawa, ta sake, har ta daina ƙirgawa. Wayoyin biyu suna ta haske a kan kujera, ba mai kula su.

Can ta cire abin sauraron, ta goge fuska da gefen mayafi, ta yi wa Injiniya magana. Da yake maɓallin yana buɗe, Kanari ta ji komai.

"Kada ka goge raɗan. Ka bar shi, ka ma ɗaga shi a ji. Sunaye biyu za a rubuta, nata a farko. Zan kira rediyo in faɗa musu da bakina."

"In aka ji wannan, za a tono har tsofaffin," in ji Injiniya a hankali. "Kin san mutane."

"Na sani."

Kanari ta matso jikin gilashin ta ɗora tafinta a kai. Ta yarda da sunayen, ta yarda da tonon, wallahi ta yarda da duk abin da zai biyo baya. Abu ɗaya take jira, yarinyar ta ɗago ta dube ta.

Manaja ta ɗago. Ta jawo makirufon magana kusa da bakinta, muryarta a daidaice, irin wadda take yi wa masu shirya taro.

"Anti, koma ki ƙarasa baitinki. Mamata ta gama nata."