Kular da Take Dawowa a Wanke

Mijina bai taɓa wanke kwano ba. Tun da na shigo gidansa, in ya gama cin abinci tura kwanon yake yi da bayan hannu, ya ce, "Allah ya yi albarka," ya miƙe. Da na riƙe wannan a raina, da wataƙila yau yana nan.

Mai walda ne. Rumfarsa tana bayan layin 'yan katako, ƙofofi da tagogin ƙarfe suke yi. Shi yake haɗawa, abokinsa ya shafa fenti. Abokin nan kowa Randa yake ce masa saboda cikinsa, don in zai zauna a benci sai ya buɗe ƙafafu ya ba tumbin wuri. Tare suka tashi, tare suka koyi aiki. Ranar da zan haifi 'yarmu ta fari shi ya nemo motar da ta kai ni asibiti. Ni "matarmu" yake ce mini.

Abin ya fara ne da tartsatsin walda da ya ƙone maigida a ƙauri, ciwon ya ƙi warkewa. Ga ƙishirwa, ga yawan fitsari. Da muka je asibiti likita ya ce ciwon sukari ne, ya daɗe a jikinsa, har ya fara taɓa ƙoda. Aka ba shi magani. Wata nas mai tabarau ta zaunar da ni ta ce, "Baiwar Allah, rabin maganin a tukunyarki yake. Ba sukarin shayi kaɗai ba ne. Shinkafa, burodi, taliya, dankali, duk in sun shiga ciki sukari suke komawa. Ki rage su sosai. Ki ba shi ganye, da ƙwai, da kifi, da nama daidai gwargwado."

Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma in aka faɗa mini abu sau ɗaya na riƙe shi. Na dawo gida na kwashe buhun shinkafa na kai ɗakin yara. Na koyi goga farin kabeji a magogi har ya yi ƙanana kamar tsaki, in turara shi, in zuba miya a kai. Na farko da na yi ruwa ya yi masa yawa, ya caɓe. Maigida ya ɗaga cokali, abin yana ɗiga, ya ce, "Likita, yaushe na zama akuya ban sani ba?" Tun daga ranar Likita yake ce mini.

A hankali hannuna ya faɗa. Na gane kabeji ba ya son a rufe shi a wuta. Na gane in aka soya albasa da citta kafin a zuba alayyafo, gafin ganyen yana tafiya. Na gane 'yar dakakkiyar gyaɗa a cikin ƙwai tana riƙe ciki har yamma. Da safe da dare ina zaune a gabansa yake ci. Koren tattasai ne kawai muka kasa shiryawa a kansa. Sai ya tsince shi ɗaya bayan ɗaya ya jera a gefen faranti.

Na rana kuwa a kula nake zuba masa, wata shuɗiya mai hawa uku, wadda hannunta ya karye ya ɗaure da waya. Kowace rana da nata: Litinin kifi da kabeji, Laraba ƙwai da alayyafo da gyaɗa, Alhamis kaza da yalo, haka dai. Kullum da yamma kular nan ta dawo ba ko ɓurɓushi, ba tattasai ko ɗaya, a wanke tas har cikin lungun murfi. Na ce masa, "Ashe a waje kana cin tattasai?" Ya yi dariya ya ce, "Yunwar aiki ba ta zaɓe." Na ji daɗi. Wallahi har addu'a na yi wa aikin.

Amma sukarin bai sauka ba. Duk komawa asibiti sai a tsira masa yatsa, nas ta dubi na'urar, ta dube ni ta saman tabarau. "Me kike ba shi?" In lissafa mata. Ta ce, "To akwai abin da ba ki faɗa ba." Sai in dawo gida in ƙara matsawa. Na cire madara. Na cire rabin ayabar da nake ba shi da safe. Wata rana 'yarmu ta ba shi ɓarin lemon zaƙi, na fizge daga hannunsa a gaban yara, na yi mata faɗa har ta yi kuka. Maigida ya dube ni. Wannan kallon har yau yana hana ni sukuni.

A wannan lokacin ne Randa ya fara zubewa. Ya huda wa bel ɗinsa sababbin ramuka. 'Yan layi suna tsokanarsa, "Randa ta koma tulu!" Shi kuma ya shafa ciki ya ce tafiyar ƙasa ya koma yi. Fuskarsa ta yi fes, yana hawa tsani da bokitin fenti kamar saurayi. Mijina kuma ƙafafu suka kumbura, ido ya fara dushewa, har walda ta gagare shi. Ƙodar ta tsaya. Da hantsi ya cika, a gadon asibiti, hannunsa a cikin nawa. Allah ya jiƙansa.

A zaman makoki na ji yayarsa tana faɗa wa mata, ba ta ko rage murya ba, "Ganye ta yi ta ɗura masa har ya ƙare. Namiji mai aikin ƙarfe a hana shi abinci?" Ni kaina na fara tunanin ko gaskiya ta faɗa.

Bayan mutane sun watse, ran nan Randa ya zo da kayan aikin maigida a buhu. Ni kuwa har lokacin girkin nan nake yi, hannuna ya manta wani. Na zuba masa ƙwai da alayyafo, ya zauna a kujerar tsakar gida yana ci, yana ba ni haƙuri. Can da bakinsa cike ya ce, "Matarmu, yau ba ki sa gyaɗa ba. Ai na Laraba ya fi wannan."

Na ɗago na dube shi. Ya ƙware, ya hau tari, ya ce marigayi ne yake ɗan sam masa. Da ya gama sai ya miƙe da farantin ya nufi famfo. Na ce ya bari, ya ce ai ya saba. Ina kallo ya wanke, ya bi gefen farantin da babban yatsa, ya zagaye shi, ya kife. Nan na tuna da kular da take dawowa a wanke.

Washegari na je wurin tsohuwar da take da kanti a bakin rumfarsu. Na ce, "Iya, don Allah me maigidana yake ci da rana?" Ta hau gyara kwalaben da ba su karkace ba. Na ce ba zan tafi ba sai ta faɗa. Ta ce, "'Yata, Randa ne yake saye. Burodi babba da lemon kwalba, wata rana har da biskit. Ya miƙa wa mijinki, shi ya ɗauki kular. Na zaci kin sani." Har na juya ta ƙara da cewa, "Shi Randa ai ko shayi ba sukari yake sha. Tun kafin mijinki aka ce masa yana da ciwon."

Ashe ya sani. Ya san abin da burodin yake yi, shi ya sa ya daina ci. Ya san abin da ke cikin kular, shi ya sa ya ɗauka. Ni ina tashi da asuba ina goga kabeji har yatsuna suna jini, ina raya wani ƙato, nawa yana mutuwa.

Ban neme shi ba, shi ya kawo kansa. Ya zo yana murza hula a hannu, bel ɗin ya koma ramin da. Ya ce tafin ƙafarsa ya fara mutuwa, matarsa kuma ba ta san komai ba sai shinkafa. "Matarmu, ki taimaka ki riƙa yi mini irin na marigayi. Ko me kika ce zan biya."

Na ce, "Ai kai na gida ne. Gobe da kaina zan kawo maka."

Da safe na ɗora babbar tukunya, kifi da kabeji. Ba zan ɓoye ba, na ɗauko gwangwanin sukari na tsaya a kanta. In ana sa kaɗan kaɗan kullum, citta za ta rufe, ba mai ganewa. Na daɗe a tsaye. Sai na mayar da shi kan kanta. Wanda aka rama wa a ɓoye bai san an rama ba, ni kuwa so nake ya sani.

Na isa rumfar rana tsaka, lokacin da ake kashe injuna. Maza sun jeru a dogon benci, kafintoci da masu walda, da wani tsoho mai gyaran makulli da suke kira Baba Kwaɗo. Na sauke tukunyar, na ce sadaka ce ta marigayi, kowa ya miƙo kwano. Na zuba wa kowa. Randa kuma na miƙa masa shuɗiyar kular da hannu biyu.

Wani ya ce, "Kai, Randa ɗan gata, naka daban!"

Ya buɗe hawa na farko, burodi. Na biyu, biskit. Na ciro lemon kwalba daga jakata na buɗe na dire a gabansa.

Na ce, "Ci mana. Abin da ka ciyar da abokinka ne. Shi ya ci bai yi gardama ba."

Cokula suka tsaya. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Matarmu, wane irin wasa ne wannan?"

"Ni ba matarku ba ce. Matar mutum ɗaya ce, ka kuwa taya shi shiga rami. Faɗa musu wa yake cinye abin da nake zubo masa. Faɗa musu wa yake wanke kular."

Ya miƙe, gumi yana bin wuyansa. "Wallahi shi yake roƙona! Kullum sai ya ce ganye ya ishe shi, in taimake shi ya ji ɗanɗanon abinci. Tausayinsa na ji."

Na ce, "Na yarda ya roƙe ka, na san mijina. To kai me ya hana ka tausaya wa kanka ka ci burodin tare da shi?"

Baba Kwaɗo ya lashe yatsa ya ce, "Ashe tafiyar ƙasar ke nan." Ba wanda ya yi dariya. Wanda yake kusa da Randa ya ja kwanonsa ya matsa can ƙarshen benci.

Kafin in tafi, biyu daga cikinsu suka biyo ni. Ɗaya yana da ciwon, ɗaya mahaifiyarsa ce take da shi. Suka ce ko zan riƙa kawowa su saya. Haka na kafa tebur a tsallaken rumfar, daidai inda iska take kwasar ƙamshin soyayyar albasa ta kai wa mai fenti. Yanzu har daga wasu layuka ake zuwa. Dokata ɗaya ce: ba a fita da abincina. Ba kula, ba leda. Wanda zai ci ya zauna a gabana ya ci ina gani. Wanda zai kai wa mara lafiya a gida, ni nake kaiwa da ƙafata in na tashi.

Randa ya gwada aiko mutane, na gane su. Ya zo da kansa sau ɗaya, ya tsaya a bakin tebur, na ce wa na bayansa, "Malam, me za a zuba maka?" Matarsa ta zo tana hawaye ta ce an yanke masa yatsan ƙafa, in koya mata don Allah. Na ce, "Ke ba ki yi mini komai ba. Tukunyata a buɗe take, ki tsaya ki kalla. Amma bakina ba zai koya miki ba." Ta tsaya ta kalla har na tashi. An ce tana yi masa, yana cewa ruwa yana yi wa kabejin yawa.

Yayar maigida ta aiko a ba ni haƙuri, na ce na ji. Liman ɗin layin ya ce mini yafiya ta fi. Na ce na sani, Malam, ban dai kai can ba tukuna.

Kular tana nan. Randa ya aiko mini da ita a wanke, na ɗora ta a kan teburina inda zai riƙa hangowa daga rumfa. Shi ma maigida ina da magana da shi a kan rabin ayabar nan da ya bari na hana shi a banza, amma wannan sai mun haɗu.