Alamar da ta ɗauki sifili a matsayin babu

An dakatar da sabuwar alamar ranar Talata da hantsi, kwana tara da shigar da ita cikin yaren rubuta manhaja. Mutum biyar ke kula da yaren, a wani ɗaki na hawa na biyu mai fanka ɗaya da farin allo. Huɗu suka ɗaga hannu a dakatar. Ta biyar, wadda suke kira Gajeriya don ba ta son dogon rubutu, ita ta ƙirƙiro alamar.

Da, in mai rubuta manhaja zai ce "in an bar gurbin nan babu komai, a sa kaza", sai ya yi layi uku. Gajeriya ta dunƙule su a alamar tambaya biyu da alamar daidai ɗaya. Shekara biyu ta yi tana lallashin kwamitin. Sai dai ta taso da wani tsohon yare ne da ba ya bambanta sifili da babu, kuma haka hannunta ya rubuta alamar.

Yayanta na renon irin tumatir, ita ta rubuta masa manhajar ban ruwa da sabuwar alamar. In bai faɗi minti nawa ba, famfo zai yi talatin. Kwamin da ba ya so a shayar, sai ya sa sifili. Ran Litinin ya kira ta.

"Ƙanwata, na ce wa abin nan naki sifili, ya sakar mini ruwan rabin awa. Irin nan iyo suke koya."

"Yaya, ba mantawa ka yi ka bar gurbin ba?"

"Ni zan manta? Da yatsana na danna, sarkin gajarta!"

Kwami shida suka ruɓe. Ita da kanta ta kai wa kwamitin rahoto.

"Gyaran layi ɗaya ne, Malam," ta ce wa Dattijo, shugabansu.

Ya cire tabarau yana gogewa. "Waɗanda suka riga suka yi gini a kan kuskuren fa? Kin gyara wa yayanki, kin rushe musu."

Ran Juma'a za a zaɓa: a gyara alamar, ko a cire ta baki ɗaya, kuma abin da aka cire ba a sake kawo shi. Biyu na son a cire. Ɗaya na bayanta. Dattijo ya ce sai ya ga yawan manhajojin da gyaran zai karya. Zuwa yanzu an ƙirga arba'in da ɗaya, ba a ma kai rabin jerin manhajojin da ake dubawa ba.