Farcen Guza a Miyar Kaltum

Abdulsalami mai banda maha'inci ne, duk yawan rantsuwarsa a kasuwar Gamboru. Guza yake sa a kamo masa a bakin kogi, ya daddatsa, ya ƙyafe har ya yi baƙi ƙirin, ya cusa a ƙasan kwando. A sama kuma sai ya jera kifin nan mai dogon baki kamar mazurari, don ido ya tsaya a kansa.

Kaltum ce ta sha kunyar aikinsa, don a wurinsa take sayen bandar miyarta. Tuwo take sayarwa a unguwar Umarari, masu cinikinta kuwa leburorin da ke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Ran nan ɗaya daga cikinsu, Thomas, ya tsamo farce daga miya ya ɗaga sama.

"Mama, kifin naki yana hawa bishiya ne?"

Aka bushe da dariya. Washegari bencinta wayam, unguwa ta ɗauka wai ƙadangare take dafa wa mutane.

Mijinta Umara ya ce, "Kaltum, ki rufa mana asiri. Mutumin nan surukin sarkin kasuwa ne."

Ta ce, "Ko surukin wane ne. Sunana ne ya ɓaci, ba nasa ba."

Ta nufi Gamboru da farcen a ƙulle a bakin zane. Ta karɓi ruwan zafi a kwano wurin mai shayi, ta dire shi a gaban Abdulsalami, ta kwance ƙullin.

Ya ce, "Haba Ya Kaltum, ƙaya ce. Kifi mai dogon baki ai ƙayarsa ma daban take. Wallahi..."

"Riƙe rantsuwarka, Malam."

Kowace mace ta san banda sai an jiƙa ta kafin ta shiga tukunya. Kaltum ta zura hannu har ƙasan kwandonsa, ta damƙo ta zuba a ruwan. Baƙin hayaƙi ya fita, naman ya saki. Wata ƙafa ta buɗe a hankali, da yatsunta da faratanta. Mata suka ja baya suna salati.

Ta tura masa kwanon. "Tunda kifi ne, bismilla, ci."

Ya kau da kai.

Sarkin kasuwa ya iso yana gyara rawani. "Baiwar Allah, mu je gida a sasanta."

"Ranka ya daɗe, a gaban jama'a aka yi mini dariya. A gaban jama'a za a gama. Ba inda za ni."

Ta zauna a ƙasa kusa da kwanon. Mutane suka ƙaru, kowa na leƙen ƙafar guza, har rufa-rufa ta gagara.

Aka ƙone kwandunan Abdulsalami a bayan kasuwa. Alƙali ya sa aka yi masa bulala, aka kuma hana shi sayar da banda a Gamboru.