Reshen da Ummu Nizar Ta Tsinke

Da farce ta tsinke shi. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, har yau in na tuna sai na ji wuyana ya ɗau zafi. Ko reza ba ta nema ba, ko wuƙar yanka albasa. Ta sa farcen babban yatsa ta murɗe reshen, ta bar karan a tsage yana tsattsafo da ruwa.

Bigoniyar mahaifiyata ce, wani fure da ake shukawa a tukunya. Hajja Nazmiyya, Allah ya jiƙanta, ita ta taho da ita daga Nablus tana ɗan reshe naɗe cikin jiƙaƙƙen hankici, shekarar da ta dawo wurina Amman da zama. Gidanmu na can tuni aka rushe shi aka yi shaguna. Da ta rasu, yayata ta ɗauki awarwaro, ƙanena ya ɗauki agogon bango, ni kuwa na ce a bar mini tukunyar nan kawai. Shekara huɗu ina rainonta a tagar matattakala, tsakanin hawa na biyu da na uku, inda haske yake shigowa amma rana ba ta dukanta. Ba na ba ta ruwa sai na tura yatsa cikin ƙasar na ji ta bushe har gaɓar farko. Ba na bari ɗigo ya taɓa ganyen. Ruwan da ya tsiyayo cikin farantin ƙarƙashi, nan take nake zubar da shi.

Rassa biyar gare ta. Safiyar wata Laraba na fito na tarar da huɗu, kuma wanda ya tafi shi ne mai ɗauke da furanni bakwai da ba su kai ga buɗewa ba.

Ban tsaya tambayar kowa ba. Ummu Nizar ce, maƙwabciyata ta hawa na uku. Shekara ashirin da shida muna shan gahawar safe tare. Sau biyu ina yanka mata reshe da hannuna, yanka mai tsabta a ƙasan gaɓa, sau biyun yana mutuwa a wurinta. Ta ce wai don kyauta ce, wai fure ba ya kamawa sai in sato shi aka yi. Duk matan unguwarmu haka suke cewa. Ni kuwa shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da 'yan mata kimiyya, babu maganar da na tsana kamar wannan.

Na hau sama na buga ƙofa da tafin hannu.

"Ummu Nizar! Fito!"

Ta buɗe, hannuwanta duk shinkafa, tana cikin naɗe ta a ganyen inabi za ta dafa. "Lafiya, Ummu Ziyad? Gobara ce?"

"Nuna mini farcenki."

"Ikon Allah. Yau kuma binciken farce ake yi? Malama, ai an tashi daga makaranta tun tuni."

"Ke kika tsinke mini reshe."

Ko kunya. Ta goge hannu a jikin rigarta ta ce, "Ni ce. To, sai me? Fure ne fa, ba gwal ba. Nan da wata guda zai tofo."

"Da kin tambaya ai da na ba ki!"

"Kin ba ni sau biyu, ina suke? Ke dai ba ki yarda ba ne, amma kowa ya san na kyauta ba ya yi."

"Ruwa kika ɗura musu har suka ruɓe, shi ya sa! Ke ko dutse aka ba ki riƙo sai kin jiƙa shi ya mutu. Ɓarauniya kawai, da furfurarki da komai!"

Ƙofofi suka fara buɗewa a ƙasa. Fuskarta ta canja, ta ce a hankali, "Ɓarauniya kika ce, Suhaila?" Ta rufe ƙofarta. A shekara ashirin da shida, ranar ce ta fara kirana da sunana tsirara.

Na sauko na rungumi tukunyar na shige da ita gida. Maigidana Abu Ziyad yana zaune gaban hita da jarida, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Ina za ki kai ta?"

"Inda hannun ɓarayi ba zai kai ba."

"Ba ke kika ce ba ta son zafin hita ba?"

"Kai dai karanta jaridarka."

Disamba ce, sanyin Amman yana shiga har ƙashi. Tagogi a rufe, hitar kananzir tana ci tun safe. Na ajiye tukunyar a kan tebur a falo, inda idona zai riƙa ganinta. Kuma kullum ina ganinta ɗin, matsalar ke nan. Duk wucewar da zan yi sai na kalli tsagaggen karan, raina ya sake ɓaci, in ji kamar in yi mata wani abu. Ganye ɗaya ya yi rawaya, na ba ta ruwa. Na biyu ya langaɓe, na ƙara. Ni da nake yi wa wata gorin ɗura ruwa, na daina tura yatsa cikin ƙasar, don tsoron abin da zan ji.

Kwana biyu da rigimar, Ummu Nizar ta aiko da farantin ganyen inabi ta hannun mijinta. A wurinmu ba a mayar da farantin maƙwabci wayam, ko dabino uku ne sai an ɗora. Na juye abincin wa Abu Ziyad, na wanke farantin, na ajiye shi a bakin ƙofarta babu komai a ciki. Ta gane. Ba ta sake aikowa ba.

A mako na uku wani farin abu kamar gari ya bayyana a kan ganyayen. A na huɗu gindin karan ya yi baƙi, in ka taɓa sai ka ji ya yi laushi kamar dafaffen kabewa. Na zazzage tukunyar a kan jarida, saiwoyin duk sun narke, sai wari. Na yanki reshe mafi lafiya na tsoma a kofin ruwa, ashe ruɓar ta riga ta hau cikinsa. Kwana biyar shi ma ya bi su.

Na zauna a ƙasan kicin da busasshiyar tukunya na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar jana'iza. Sannan na tashi na zagi Ummu Nizar, na zagi hita, na zagi Abu Ziyad da ya ga abin da nake yi ya faɗa sau ɗaya kawai ya yi shiru. Kaina ne kaɗai ban zaga da baki ba, don wannan a ciki yake cina.

Mako bakwai ba ma magana da Ummu Nizar. In na ji takunta a matattakala sai in koma ciki. Rannan Abu Ziyad ya sauko daga wurin mijinta, yana cire takalmi ya ce, kamar da bango yake magana, "Tata ta yi fure."

"Wacce?"

"Kin sani."

Washegari da hantsi na hau. Ban kai komai ba. Ta buɗe, ta dube ni sama da ƙasa, ta matsa gefe. Ga ta nan a tagar falonta, cikin tsohon gwangwanin cuku da aka huda wa gindi da ƙusa. Gwangwanin cuku! Rassa uku, ganye shar, furannin nan ja mai haske irin na mahaifiyata sak. Sai da na dafa kujera.

"Tawa ta mutu," na ce.

"Na ji. Allah ya mayar da alheri."

"Ki ba ni reshe ɗaya."

"A'a."

Na ɗauka kunnena ne. "Me kika ce?"

"Na ce a'a. Ba zan ba ki ba."

"Furen uwata ne, Ummu Nizar!"

"Furen matar alƙali ne," ta ce, ta zauna ta gyara ɗankwali. "Hajja ba ta taɓa gaya miki ba ko? Ai ta san halinki. Tana amarya suka je gaisuwar mutuwa gidan alƙalin unguwarku, ana ta kuka, ita kuwa ta sa farce ta tsinke reshe ta cusa a hannun riga. A kujerar nan da kika dafa ta ba ni labarin, tana dariya har da hawaye. To in ni ɓarauniya ce, a wurin wa na koya?"

Haushi ya turnuƙe ni, kuma ban san wa zan ji wa haushin ba, ita ko marigayiya da ta zauna a nan tana ba baƙuwa labarin da ta ɓoye wa 'yar cikinta.

Ummu Nizar ta miƙe. "Bari in ɗora gahawa. Murhun nan nawa ya lalace, sai an yi haƙuri, yana daɗewa." Ta shiga kicin ta ja ƙofa. Na ji tana ta ƙarar tukwane, tana buɗe famfo tana rufewa. Gahawar da take yi cikin minti uku tun muna matasa.

Sai a lokacin na lura da abin da ke gefen gwangwanin. Sabuwar reza ce, ko takardarta ba a cire ba.

Na tsaya ina kallonta cikin takaici. Wato ni za a mayar ɓarauniya, da girmana, da shekara talatin da ɗaya na koyarwa. Na rantse a raina ba zan taɓa ba. Sannan na ɓare rezar, na zaɓi reshe mai gaɓa uku, na yanke shi a ƙasan gaɓar, yanka ɗaya mai tsabta. Na cusa shi a hannun rigata, sanyinsa yana taɓa fatata.

Ta fito da tire. Ba ta kalli taga ba ko sau ɗaya. Muka sha gahawa, ta yi zancen gwiwarta, na yi zancen tsadar kananzir, hannuna na hagu a miƙe kamar na mai karaya. Da zan tafi ta ce, "Farantina da ya dawo wayam fa, yaushe zai ga alheri?"

"In na ga dama," na ce. Ban yi mata godiya ba.

Na tsoma shi a kofin ruwa a tagar matattakala, wurinsa na da. Rana ta goma sha ɗaya saiwoyi farare suka fito, siri-siri kamar zare. Na san dalili sarai, yankan ya yi kyau, hasken ya dace, ruwan ana canja shi. Haka na gaya wa Abu Ziyad, da ƙarfi, don Ummu Nizar ta jiyo daga sama.

Na dasa shi a tukunyar nan ta mahaifiyata, yanzu rassansa huɗu. Jiya da safe na tarar ƙaramin da nake jira ya cika na biyar ba ya nan, wani ya tsinke shi da farce. Amaryar hawa na ɗaya nake zargi, na ga yadda take kallonsa. Na tsaya a wurin ina huci, hannuna har ya kai ga tukunyar zan ɗauke. Sai na tuna wata amarya a gidan makoki, da reshe a hannun riga.

Na ɗauko reza na gyara bakin tsagar, na bar tukunyar a inda take.